Jitar da Musaddiƙ ya tsinta a ɗakin mahaifinsa

Ni dai a ba ni ajiyar komai, ban da ajiyar magana. Malam Musaddiƙ ya roƙe ni kada wannan ta fita, na kuma yi ƙoƙari, har kwana tara na riƙe ta.

Malamin firamare ne a Roni. Yana kwashe kayan ɗakin marigayi mahaifinsa, Malam Lawal, sai ya ci karo da jita naɗe cikin tsohon bargo. Ba irin ta yanzu ba ce. A cikinta akwai faifan ƙarfe mai huji-huji kamar rariya, tsirkiya biyu kawai suka rage.

A cikin makon ne kuwa dangin saurayin 'yarsa Bahijja, mutanen Kazaure masu ji da asali, suka fara binciken asalin gidansa. In har aka ce kakan yarinya makaɗi ne, ba za su ce sun fasa ba, shiru kawai za a ji. Bahijja kuwa tana son yaron.

Ya cusa jitar a buhun gero ya hau acaɓa zuwa wurin Sama'ilu mai gyaran rediyo. Sama'ilu ya ɗauki hotonta, ya daɗe yana latse-latsen waya.

"Malam, wannan ta girmi 'yancin kan Najeriya. Turawa na sayen irinta da tsada, in ba a taɓa mata komai ba."

"An taɓa?"

"Tsirkiyar nan wayar birkin keke ce."

"Ni ba kuɗinta na zo ji ba," in ji Musaddiƙ, ko da yake ya ɗan matso. "Wa ya kaɗa ta?"

"Wannan kuma waya ba ta sani ba."

Sai ya nufi Babura, wurin Baba Bunu, wanda suka yi fataucin shanu zuwa Nijar da mahaifinsa. A cikin bas ya zura hannu a buhu yana shafa wuyan jitar, inda yatsu suka cinye fenti. Mahaifinsa mutum ne da in ya yi gyaran murya a zaure, gida ke yin tsit. Ashe akwai lokacin da ya zauna yana kiɗa? Kafin a isa, Musaddiƙ ya rasa wace amsa yake so.

Baba Bunu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Lawal? Ai ubanka ko tafi bai iya ba, yaro! Ajiya ce. Wani abokinmu ne ɗan Gwiwa, babu bikin da bai kaɗa ba daga nan har tsallaken iyaka. Da ya yi arziki ya dawo daga Makka, sai ya ce Lawal ya ɓoye masa ita kada 'ya'yansa su gani. Shekara arba'in bai waiwaye ta ba, ubanka kuma bai faɗa wa kowa ba."

Musaddiƙ ya ce alhamdu lillahi, amma muryar ba ta fito yadda ya zata ba. Ya ɗaure bakin buhun a hankali.

"Baba, yana raye? Sai in mayar masa."

"Ƙalau yake. Alhaji Hamma. Kazaure ya koma."

Alhaji Hamma shi ne kakan saurayin Bahijja, kuma shi ya ce a yi binciken.