Wando Biyu na Clifford Brearley

Duk shekara goma Clifford Brearley kan je shagon Enoch Haigh tela a ɗinka masa wandon filanel, wato yadin ulu mai laushi, guda biyu, ruwan toka. Shekara arba'in ya yi a masaƙar ulu ta garin Huddersfield, ya san halin yadin: in ka sa shi yau, gobe ka rataye shi ya huta, ka bi shi da buroshi, ruwa kuwa kada ya gan shi. Shi ya sa ake ɗinka biyu, ɗaya na jiki ɗaya na hutawa.

Wannan karon da nauyin zuciya ya shigo. Likita ya ga ƙari a cikinsa, an sa ranar tiyata nan da mako uku, kuma ko matarsa Maureen bai gaya wa ba.

"Ga sarkin ci nan," in ji Enoch, yana warware tef ɗin awo daga wuyansa. "Ɗaga hannu mu ga ɓarnar da Maureen ta yi."

Ya zagaya ƙugun da tef. Enoch ya saba faɗin awo da ƙarfi don tsokana, amma yau ya duba, ya sake dubawa, ya rubuta shiru. Inci huɗu sun tafi.

"Guda ɗaya za ka yi mini," in ji Clifford. "Mara nauyi. Kuma kada ka bar rarar yadi a ciki."

"Ɗaya? Kai da ka koya mini filanel? Shekara biyu zai yi cinyoyin su ɓule."

"Ya isa."

Enoch ya ajiye allinsa.

"Mutumina, tun muna samari nake auna ka. Ban taɓa yanka maka wando ban bar wurin buɗawa ba. Mene ne?"

Clifford ya shafa wani yadi mai kauri da ke kan tebur. Yatsunsa sun san ulu mai kyau kafin idonsa. Yana kallon yadin ya faɗi maganar, a taƙaice.

"Likitan ya ce ba za ka tashi ba?"

"Ya ce rabi da rabi."

"To ni rabin da ke sa wando nake yi wa ɗinki. Ɗaya rabin ba cinikina ba ne. In mara nauyi kake so, ga kanti can, ɗinkakku na rataye sun yi yawa."

"Tsohon banza. Bakinka bai canza ba."

"Gwajin wando sai bayan mako shida. Da ƙafarka za ka zo, ba na bin mutane asibiti da allura a baki."

Clifford ya sake duban yadin. Shekara goma ta yi masa nisa ƙwarai, amma mako shida yana iya hangowa. Ya tura yadin mai kauri gaban Enoch.

"Biyu. Ka bar inci huɗu."

"Biyar zan bari," in ji Enoch, ya ɗauki allin. "Na san ka da dankali."