Takwarata ta Cikin Gasara

Ina cikin dama koko Jannat ta diro daga benskin, babur ɗin haya, tana ɗaga waya sama. "Inna Larai, c'est accepté! Sun karɓa!"

Na yar da ludayi, takalmi ƙafa ɗaya, na bi ta a guje zuwa ɗakin uwarta.

Ni da uwar tata, Docteur Mairama, katanga kaɗai ta raba mu a unguwar New Bell. Shekara talatin tana leƙen ƙwayoyin da ido ba ya gani, tana ware su dangi-dangi kamar mai tsintar shinkafa. Ranar da ta ɗebi ruwan gasarata a kwalba, saura ƙiris mu dambace. Ƙazanta take nema a sana'ata? Ashe wata ƙwaya ta gano wadda ba ta cikin littafi. Ta aika wa manyan masana, shekara biyu shiru. Ciwo kuma ya kwantar da ita. Tsoronmu ɗaya, kada ta tafi ba ta ji amsa ba.

Muka tarar idonta biyu, alhamdulillahi! Jannat ta durƙusa. "Mama, sun amince da sunan da kika raɗa mata."

"Wane suna?" na tambaya.

Mairama ta kamo hannuna. "A aikinmu mutum ba ya sa sunansa, ƙawata. Naki na sa."

"Ni? Ƙwayar cuta? Mairama, ki ji tsoron Allah!"

"Ba ta cutar kowa. Ita ke sa wa kokonki tsami. Halinku ɗaya."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ai ba a raɗa suna ba taro! Na aika a sayo goro, na jawo tukunyar kokon gaba ɗaya zuwa tsakar gidanta, kyauta. Kafin azahar layinmu ya cika. Alhaji Sabo mahauci yana tsokanata wai ina ragon, mata na tafi suna kirana uwar biki. Wallahi ko ranar aurena ban yi murna haka ba.

Mairama tana jin mu ta taga. Kwana uku ba ta ci komai ba, amma ta ce in kawo mata takwarata. Ta sha cokali biyu, ta lumshe ido. "Ya yi tsami daidai."

Bayan la'asar Jannat ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, tafi ya mutu.

Da na shiga, Mairama ta riga ta cika. Kofin yana kan taga, cokalin a ciki, kokon bai gama hucewa ba.