Shirun Mama Mai Karatu

Mijina kafinta ne, kuma mutum ne mai baki. Kafin ciwo ya same shi, in yana aiki a shago ba za ka gane wanda ya fi ƙara ba, shi ko zarton. Sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta riƙe masa hannun dama, ta ɗaure masa harshe. Likita ta ce maganar za ta iya dawowa in yana gwadawa kullum, in kuwa ya daina, bakin zai saba da zama rufe. To gwadawar ce ya ƙi. In na ce ya ce "ruwa", sai ya watsa mini harara, wai shi ba jariri ba ne da za a koya wa magana.

Na kwaso keken ɗinkina na dasa a ɗakin, kusa da taga, don in riƙa aiki ina ganinsa. Akwai 'yar rediyo a kan teburin magunguna. Kowace safiya, bayan labarai, wata tsohuwa takan yi ɗan gajeren shiri na bimbini. Mu a gida Mama Mai Karatu muke kiranta. Za ta karanta aya ɗaya ko biyu daga Linjila, ta yi shiru, sannan ta faɗi abin da ta gani a ciki, magana kaɗan kamar mai ba maƙwabciya shawara ta kan katanga. Ba ta ihu, ba ta tsorata mutane da wuta. Ranar da ta karanta labarin tunkiyar da ta ɓace, cewa ta yi makiyayin bai tsaya tambayar tunkiyar me ya kai ta can ba, ɗaukarta ya yi a kafaɗa, don wadda ta gaji ba ta da ƙarfin ba da amsa. Ina sonta ƙwarai, ko da yake a lokacin ban taɓa ganinta ba.

Shirun nan nata dogo ne, har wani lokaci nakan zaci batir ne ya mutu. A cikinsa ne wata safiya na ji wani gurnani daga gado. Na ɗaga ƙafa daga keke. Mijina ne yake ƙoƙarin maimaita ayar, idonsa a kan rediyo, leɓensa yana rawa. Ban juya ba, don na san halin mutumina, in ya ga na lura an gama. Na yi kamar ina zura zare a allura, hawaye na hana ni ganin kafar allurar.

Haka muka ci gaba. Ita ta karanta ta yi shiru, shi ya bi ta a baya da ɗingishin harshe. Da farko kalma ɗaya yake kamawa, daga baya biyu, har ya kai ga rabin aya kafin ta ci gaba. Da ni ba ya magana, amma da Mama ba ya jin kunya, tunda ba ta ganinsa.

Kwatsam wata safiya shirun ya ɓace. Tana sauke aya sai bayani ya hau kai, babu ko wajen haɗiye yawu. Mijina ya buɗe baki, muryarta ta riga ta wuce shi. Washegari ma haka. Bayan 'yan kwanaki, ana fara shirin sai ya juya fuska ga bango. Na gwada kashe rediyon da hannu bayan ayar don in ba shi wuri, ya gane dabarar, ya ture kofin shayi har ƙasa. Tsoro ya kama ni sosai, don na tuna maganar likita.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani. Na kira ƙanwarsa ta zauna da shi, na hau mota har gidan rediyon, ina tsara faɗan da zan yi tun a hanya. A zuciyata na riga na yanke hukunci cewa don su sami wurin cusa talla suka yanke shirun.

Aka nuna mini wani ɗaki ƙarami inda ake haɗa sautin shirin, an manna soso a bangonsa. Mai haɗa sautin magidanci ne mai furfura a gemu, ya saurare ni har na sauke duk abin da na ɗauko, sannan ya juyo mini da kwamfutarsa. Muryar Mama ce a kai, zane mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Ya ce a aikinsu dogon shiru aibi ne, mai sauraro zai ɗauka tasha ta ɗauke ya murɗa gaba. Amma ba don wannan ya yanke ba, Mama ce da kanta ta roƙe shi. Ya ce in ɗan jira, yau ranar ɗaukar shirinta ce.

Da ta shigo sai faɗana ya rasa wurin zama. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, ta dafa sanda, kuma daga bakin ƙofa zuwa kujera sai da ta tsaya ta huta. Ƙirjinta yana ƙugi. Ashe shirun da nake ɗauka hikima ce, numfashi ne yake gaza mata. In ta karanta aya sai ta jira iska ta dawo kafin ta iya ci gaba. Wata a cocinsu ta ce mata ana jin hakinta a rediyo, abin ba daɗin ji, shi ya sa ta ji kunya ta ce a share. Har ta fara tunanin ajiye aikin ta bar wa masu huhu.

Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta labarin mijina tun daga farko. Ta tambaye ni sana'arsa, da na faɗa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ashe abokin sana'ar Ubangiji Yesu ne, shi ma ai kafinta ne. Sai ta dubi hannuwanta.

"'Yata, shekara da shekaru ina roƙon Allah ya ɗauke mini wannan haki," in ji ta. "Ina ganin shi ne yake ɓata masa aiki."

Ta juya ga mai haɗa sautin ta ce, "Ɗana, daga yau kada ka taɓa mini shi. In sun ji ina haki, su ji."

Ya ce shugaban tasha zai yi magana. Ta ce ya turo mata shi, ita ta koyar da shi a makarantar Lahadi ta coci tun yana zubar da majina.

Washegari na kunna rediyo, mijina yana fuskantar bango yadda ya saba. Ban gaya masa inda na je ba. Mama ta fara da labarin makahon da ke zaune a bakin hanya yana kiran Yesu, jama'a suna tsawata masa ya yi shiru. Ta kai inda Yesu ya tsaya, ya sa aka kawo shi, ya tambaye shi, "Me kake so in yi maka?" Nan ta tsaya. Ana jin numfashinta yana shiga yana fita da ƙyar, ba a ɓoye komai ba. Ta daɗe fiye da yadda ta taɓa daɗewa, kuma na san wannan karon ba hakin kaɗai ba ne, jira take yi.

Gado ya motsa. Na ƙura wa ɗinkina ido, ina jiran in ji ko zai maimaita tambayar. Bai maimaita ba. Ya yi ta kokawa da harshensa, sai na ji kalmomi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, a karkace amma ana ganewa.

"In... yi... hira... da matata."

Na juya. Ba rediyon yake kallo ba, ni yake kallo. Mama ta ci gaba da bayaninta, amma har yau ban san abin da ta ce a ranar ba. Na jawo kujera kusa da gadon na zauna, na ce masa to ga ni, ya fara, ba inda za ni.