Irin da Kulsumu Ta Rataye

Tun tana amarya a ƙauyensu da ke gab da Dangora, Kulsumu ce ke ware iri a gidan. Da kaka ta zaɓi goyon masara mafi cika, ta ɗaure, ta rataye a madafi, hayaƙi ya tsare shi daga ƙwari har ruwa ya sauka.

Bara masu shirin tallafa wa manoma suka raba sabon iri, mai jan magani a jiki. Ɗanta Ubale ya karɓa ya shuka. Masara ta yi, babu ƙarya, har rumbu ya cika ya bar saura.

"Inna, tsohon irin nan naki ai sai tuwo," in ji Ubale yana dariya. Aka kai shi inji. Ita kuwa ta yi abin da ta saba, ta zaɓi manyan goyo daga sabuwar masara ta rataye.

Shi aka shuka bana. Da masara ta fara goyo Kulsumu ta je gona ta duba. Wannan kara ya fi mutum tsawo, na kusa da shi ko ƙugu bai kai ba, goyon kamar yatsa. Ga ruwa, ga taki.

Surajo malamin gona ya tsayar da babur a bakin hanya, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, ba dai irin bara kuka maimaita ba? Wannan ba a maimaita shi, sabo ake karɓa duk shekara. Ai mun faɗa a taro."

"Wane taro, ɗan nan?"

"A ƙofar mai unguwa. Duk magidanta sun zo."

"Magidanta ne ke ware iri a garinku?"

Surajo ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur. Can ya ce shirin ma wa'adinsa ya ƙare, babu rabo baɗi.

Kulsumu ba ta koma gida ba. Ta bi gidajen tsaranta tana neman ko da tafin hannu na tsohon iri. Hajara ta ce sun niƙa. Gida na gaba ma haka. Tasalla ce ta ƙarshe, wadda ko tsumma ba ta yarwa.

"Kulsumu, ke fa nake shirin zuwa in roƙa," in ji Tasalla, ta nuna mata madafi.

Igiyar tana nan a rataye, ta yi baƙi da hayaƙi. Babu komai a jikinta.