Tattabarun Kawu Hamid Sun Shiga Jami'a

Rawan tana shekara ta biyu a karatun kwamfuta a Khartoum lokacin da malamarsu, Dakta Nada, ta ba su aiki a yaren C. Kowa ya samo bayanan wani abu na gaske ya rubuta a fayil, sannan ya haɗa manhajar da za ta karanto su ta zuba a jerin struct. Shi struct kamar akwati ne mai gurabe, kowane abu da akwatinsa, akwatunan kuma a jere.

'Yan ajin suka yi caa a kan makin jarrabawa da sunayen 'yan ƙwallo. Ita kuwa ranar Juma'a ta shiga motar haya daga unguwar Hajj Yusuf, ta ƙetare kogi zuwa Omdurman wurin Kawu Hamid, yayan mahaifiyarta, wanda bayan gidansa ke cike da tattabaru.

"Wato tattabaruna za su shiga jami'a?" in ji Kawu, baki har kunne. Ya sa aka kawo shayi, ya zauna yana faɗa mata sunan kowace da launinta da shekarunta, tana bugawa.

Da ta gama ta kunna manhajar. Tattabarar farko, Zabiya, ta fito daidai. Daga kan Amaryar Bahri, wadda ta ci sunan garin Bahri mai yawan masana'antu, komai ya dagule. Allon ya ce sunanta Amaryar, launinta Bahri. Ta bayanta kuma wai sunanta Fara, launinta biyu.

Kawu ya leƙo ta kafaɗarta, ya kwashe da dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Launin Bahri kuma wane iri ne, 'yata? Na hayaƙin masana'anta?"

Rawan ta ji kunya, amma ita ma dariyar ta kama ta. Ta bi layukan a hankali har ta gano matsalar. Duk inda manhajar ta ga tazara tsakanin kalmomi, ɗauka take sunan ya ƙare, sai ta jefa ragowar a gurbin gaba.

"Kawu, mu gajarta sunayen mana. Kowace kalma ɗaya ta ishe ta."

"A'a wallahi. Ga Ba Ta Jin Kira can a kan katanga, je ki gaya mata da bakinki."

Ba yadda ta iya. Ta koma fayil ɗin ta raba gurabe da waƙafi, ta sa manhajar ta riƙa ɗauko layi sukutum tana yanka shi a kan waƙafin. Kafin la'asar kowace tattabara ta shige akwatinta da cikakken sunanta. Kawu ya sa ta karanta masa su tun daga farko, yana gyaɗa kai kamar ana kiran jikokinsa.

Ranar gabatarwa, Dakta Nada, wadda ba a cika ganin haƙoranta ba, ta tsaya tana karanta allon. Da ta iso kan Mai Satar Geron Maƙwabta sai ta dafe tebur, ajin ya ɓarke da dariya. Ta tambayi Rawan yadda ta yi da dogayen sunaye, Rawan ta yi bayani, malamar ta ce kowa ya kwafi dabarar.

Tana fita ta kira Kawu a waya.

"Kawu, na ci!"

"Mabruk, barka, 'yata. To faɗa mini, wacce aka fi yi wa tafi?"