Lafiyayyen Maraƙi

A gabana aka ƙulla cinikin, bayan abatuwar Garwa, domin ni ne dillalin da ya haɗa su. Dokta Hortense tana neman jinin maruƙa, Ilyasu mahauci kuwa kullum kwata yake kora shi. Sharaɗinta ɗaya ne.

"Baba Ilyasu, sai lafiyayye fa."

"Madam, in na kawo miki maras lafiya, ki kira ni bunsuru."

Ga aikinta yadda ta fahimtar da ni. Rigakafin ciwon zawon awaki take gwadawa a jikin ɓeraye. Sai ta ciro ƙwayoyin da ke yaƙar cuta a jikinsu, ta rene su cikin faranti, tana ciyar da su da ruwan da ke tasowa saman jini in ya daskare. In an ɗiga musu cutar suka zabura, rigakafin ya yi ke nan. Ruwan jinin da ake kawowa daga Turai aka saba da shi, amma nata ya maƙale a tashar jirgin ruwa ta Duwala, masu ɗaukar nauyin aikin kuma sun ce in damina ta wuce ba sakamako, za su rufe.

Ilyasu ba macuci ba ne. A wurinmu lafiyayyar dabba ita ce wadda ta sha allura idonta ya washe. Don haka kowane maraƙin Dokta sai ya tsira masa allurar kumburi ta kasuwar Ngong kafin yanka, har da ƙari don girmamawa. Bai faɗa ba, a ganinsa gori ne.

Allurar nan kuwa kwantar da ƙwayoyin yaƙi take yi. Suka sha ta cikin ruwan jinin a faranti, suka yi lamo. Dokta ta canza zafin akwatin reno, ta canza ɓeraye, ta rame. Daga ƙarshe ta rubuta cewa rigakafin bai yi ba, aka rufe aikin.

Ranar da ta zo sallama ne bakin Ilyasu ya suɓuce, ya ce ta shaide shi bai taɓa yi wa maruƙanta ƙyashin allura ba.

Ta juyo ta tambaye shi.

"Kowanne?"

"Kowanne, ɗiyata."

Nan take ta buga waya wurin aiki. Aka ce tun makon jiya aka kashe firjin rigakafin.

Mai allura na Ngong ya ci riba, Ilyasu ya ci, ni ma la'adata ta shiga. Hortense ta koma Yawunde ba aiki. Ɓerayen sun tafi a banza, awakin garin Pitowa kuma bana ma zawo na kwashe su, ba wanda ya san ko maganinsu ne ya lalace a firjin nan.