Ƙofar da Ta Ƙi Rufuwa

"Su kuma turakun, da me kika auna su?"

"Da bakin kwazazzabon, Dakta. Kowane mako ina jan tef daga turke zuwa baki. Tun farkon damina tazarar ba ta ragu ko da faɗin yatsa ba."

"Ba ki ji tambayata ba." Dakta, malamin da ke duba aikinta, ya zare tabarau ya ajiye a kan tebur. "Kin auna bakin rami da turke. Shi turken, wa ya ce miki yana nan a inda kika kafa shi?"

Auta ta dubi takardun awonta. Shekararta ta ƙarshe ke nan a sashen nazarin labarin ƙasa na jami'a, kuma aikin bincikenta a kan zaizayar ƙasa ne. Ba ta je nesa neman wurin nazari ba, don kwazazzabon da ta zaɓa a bayan gidansu yake, a ƙarshen unguwarsu da ke kwance a jikin gangare. Ta kafa turakun ƙarfe a fili tsakanin katangarsu da bakin ramin, ta shafa musu jan fenti, tana ji da su kamar 'ya'yan cikinta.

Dakta ya juyo da kwamfutarsa ya jera hotuna biyu cikin waɗanda ta haɗa a aikin, na farkon damina da na makon jiya.

"Dubi falwayar wutar nan da ke kusa da turakunki. A hoton farko tana tsaye. Dubi na biyu."

Ta duba. Falwayar ta ɗan sunkuya wajen ramin, kaɗan ƙwarai, kamar mai son leƙa abin da ke ciki. Sau nawa ta wuce ta gindinta ba ta lura ba?

"Ba bakin ne ke gutsurewa ba," in ji Dakta. "Ƙasar ce gaba ɗaya ta yanke daga can sama, tana sulalewa da turakunki da bakin ramin tare. Shi ya sa tazararsu ba ta canzawa. Kuskure ne da ɗalibai ke yi, kuma zai gyaru. Ki nemi dutse a saman tudu, abin da ba ya motsi, ki sake awo daga can. Amma wannan ginin da ke gefen hoton, akwai mutane a ciki?"

"Ɗakin Ummata ne."

Dakta ya dube ta, ya juya ya dubi taga. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, ga shi ko la'asar ba ta yi ba.

"Bar takardun nan," ya ce. "Irin wannan ƙasa ruwa take jira. Tafi yanzu. Zan kira masu agajin gaggawa, amma kada ki jira su."

A barandar sashen ta yi karo da Dogo, ɗan ajinsu, rungume da taswirorin ƙidayar jama'a. Shi ɓangaren mutane ya ɗauka: ƙaura, cunkoso, dalilin da ke sa talaka ya gina inda bai kamata ba. Kullum yana tsokanarta wai ta fi son duwatsu da shi, ita kuma takan ce ai dutse ba ya surutu.

"Sarauniyar ramuka! Dakta ya cinye ki ɗanya ne?" Sai ya ga fuskarta, dariyar ta tsaya. "Me ya faru?"

"Babur ɗinka na nan?"

Bai ƙara tambaya ba. Ya jibge taswirorin a kan benci, suka ruga.

A hanya iska ta fara tashi, tana kwasar ledoji tana watsawa sama. Auta ta ƙanƙame ƙarfen bayan babur ɗin, abubuwa suna dawo mata ɗaya bayan ɗaya, kowanne da haƙoransa. Igiyar shanyar da ta ɗaure daga tagar Umma zuwa ginshiƙin baranda, wadda ta yi ta ɗamewa har ta tsinke da kanta. Tsagar da ke bin bangon da ya haɗa ɗakin baya da sauran gidan, wadda Baba ya toshe da siminti ta sake buɗewa. Da ƙofar. Wayyo, ƙofar! Baba kafinta ne, da hannunsa ya yi ƙofar ɗakin Umma, kuma tun da damina ta kankama take cijewa. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya kankare gefenta yana faɗa, wai katako ba shi da amana.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar da maƙwabcinsu direba ya kwashe iyalinsa. Ya tsaya a ƙofar gida ya ce wa Baba, "Malam, ramin nan ba na yarda da shi, ku ma ku nemi wuri." Baba ya yi murmushi ya dafa kanta. "Ni ina da mai ilimin ƙasa a gida. Ta auna, ta ce ba ya matsowa." Yadda ya faɗi "ta auna" ɗin nan, har cikin ƙirjinta ta ji daɗinsa a ranar.

Lungunsu mota ba ta shiga, babur ma da ƙyar. Suna isa ɗigon farko ya faɗo mata a hannu. Ba ta shiga gida ba, ta zagaya ta saman gangaren inda ciyawa ta yi tsawo, tana buɗa ta da ƙafa. Ba ta daɗe tana nema ba. Ga ta nan, tsaga a ƙasa mai siffar lauje, ta faro daga gindin falwaya, ta shige ƙarƙashin katangarsu daidai inda ɗakin baya ya haɗu da gida, ta ɓulla ta ɗaya gefen. Dogo ya zura sanda a ciki. Sandar ta shige duka ba ta taɓa komai ba. Wani sanyi mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana fitowa daga ciki.

"Innalillahi," ya ce a hankali.

Suka tarar da Baba a durƙushe a bakin ɗakin Umma, fensir a bayan kunne, ɓarɓashin katako zube a gabansa. Yana kankare ƙofar.

"A'a, 'yan boko! Yau da wuri? Samari, shigo mana, ruwa zai dake ka. Auta, riƙe min nan, wannan 'yar banzar ƙofa ta sake kumbura."

"Baba, ba kumbura ta yi ba."

"To me ta yi? Ƙiba?"

Daga ciki Umma ta yi dariya. Tana kishingiɗe a gado, ƙafafunta da suka daɗe da daina ɗaukarta suna kan matashi. Ita ta zaɓi ɗakin bayan saboda iskar da ke shigowa ta taga, da kuma faɗuwar rana da take kallo a ƙetaren kwazazzabon.

Auta ta durƙusa a gaban mahaifinta. Ta gaya masa komai, kalmomin suna tuntuɓe da juna: turakun, falwayar, tsagar da ke cikin ciyawa. "Awona ba daidai ba ne, Baba. Ɗakin nan tafiya yake yi. Dole mu fitar da Umma yanzu, kafin ruwan ya yi ƙarfi."

Fuskar Baba ta ɗaure. "Jiya kin ce ba ya motsi, yau kin ce yana tafiya. Gobe kuma me malamin naku zai ce? Ni na haƙa tushen ɗakin nan, har sai da diga ta ƙi shiga. Wanda bai taɓa taka unguwar nan ba zai zauna a ofis ya tashe ni daga gidana da hoto?"

"Baba, da idona na ga tsagar," in ji Dogo. "Sanda guda ta haɗiye."

"Kai kuma da zuwanka yau! Ƙasa ai tana tsagewa, tana haɗewa. Mu kwana lafiya, gobe na duba."

Ruwan ya sauko gaba ɗaya, ya rufe maganarsa. Kwanon rufi ya ɗauki ƙara kamar ana zuba tsakuwa. Auta ta san inda kowane ɗigo yake tafiya, ta zana shi a jarrabawa: zai gangaro daga tudu, ya sami tsagar, ya shige, ya jiƙa yumɓun da ke ƙasa har ya yi santsi kamar sabulu. A takarda kibiyoyi ne 'yan ƙanana masu kyau. Yanzu kuwa a ƙarƙashin gadon uwarta suke.

Ta share hawaye da bayan hannu. "Baba, kar ka yarda da ni, na riga na yi kuskure sau ɗaya. Kar ka yarda da Dakta. Kai nake tambaya, a matsayinka na kafinta. Katakon da ya bushe tun kafin a haife ni, yana kumbura ta kusurwa ɗaya kawai?"

Baba ya juya. Idonsa ya tafi kan ƙofar. Gefen sama na dama ya sha kankarewa har ya sirance, gefen ƙasa kuwa da sauran fentinsa.

"Kuma daɓen nan wa ya yi shi?"

"Ni."

"A miƙe ka yi shi?"

"Ke, Auta! Ko ruwa kika zuba a daɓen nan sai ya rasa inda zai bi."

Ta miƙa hannu ta zare fensirin daga bayan kunnensa, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama. Ta kwantar da shi a bakin ƙofa, ta ɗauke hannunta.

Fensirin ya tsaya kamar yana tunani. Sannan ya juya. Ya sake juyawa, ya fara gangarawa, yana ƙara sauri, ya ratsa ɗakin da wata 'yar ƙara siririya da duk suka ji duk da ruwan, ya shige ƙarƙashin gado, ya bugi bangon da ke kallon kwazazzabo.

Umma ta daina murmushi.

"Malam," ta ce, "dama ina so in gaya maka. Kwana biyun nan idan na kwanta sai in ji kamar ana jan gadon ta wajen kaina. Na ɗauka jiri ne."

Sai ga wata ƙara daga ƙarƙashinsu. Ba tsawa ba ce, tsawa daga sama take zuwa. Wannan daga ƙasa ta fito, doguwa, mai nauyi, kamar ana jan babban tebur a wani ɗaki da babu shi. Simintin da Baba ya toshe tsagar bango da shi ya ɓalle ya faɗo, garinsa ya watsu a kan zanin gadon. Ta cikin tsagar Auta ta hango hasken waje, da ruwa yana zuba. A waje wayar falwaya ta yi wani kuka, fitilar ɗakin ta mutu.

Dogo ya yi tsalle ya isa bakin gado. "Umma, bari in goya ki."

"Bayanta ba ya son lanƙwasa," in ji Auta. "Sai a kwance. Kuma lungun ya zama kogi, idan ka zame da ita fa?"

Ta juya wajen mahaifinta. Yana nan a durƙushe, hannunsa a kan ƙofar, yana shafa wurin da ya kankare kamar mai ba wa yaro haƙuri bayan ya doke shi a kan laifin da bai yi ba. A cikin wannan ɗan duhun ta ga ya tsufa. Gidan nan shi ne abin da ya tara a duniya, ɗaki bayan ɗaki, kuma wannan na bayan shi ya fi so, don saboda Umma ya gina shi. Ta ji tsoron zai ce a jira ruwa ya tsagaita. Ta ji tsoron zai ce su tafi, shi yana nan. Ta riga ta ƙudura a ranta cewa idan ya faɗi haka, a daɓen nan za ta zauna, ramin ya haɗiye su tare.

Ƙasa ta sake yin nishi. Kofin da ke kan 'yar durowar Umma ya zame ya fashe.

Baba ya miƙe. Ya laluba cikin akwatin kayan aikinsa ya ɗauko sukudireba, ya kafa ta a ƙusar sama da ke riƙe da ƙofar.

"Samari, tallafe ƙofar ta nan, kar ta faɗo. Auta, shimfiɗo bargo." Ya ɗaga murya yadda za ta fi ta ruwan. "Ƙofar nan ba ta yi laifin komai ba, gaskiya take ta faɗa mini ina yanke mata baki. A kanta za mu ɗauki uwarki. Ku bar komai. Mun tashi daga gidan nan, yanzu!"